Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Katsina Kan Tsofaffin Da Aka Bari A Ƙauye

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ya ɗora maka, na rubuto ne a kan wasu mutane da ba sa zuwa gidan gwamnati, ba su da ƙungiya, ba su da mai magana da yawunsu a majalisa. Tsofaffin ƙauye nake nufi, maza da mata, musamman na gefen iyaka, ƙasar Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu, inda na fi sani. Na zaɓi in yi maganar a fili saboda ba kai kaɗai ta shafa ba, ta shafi 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi da iyayenmu sarakuna, ta kuma shafi duk wanda ya bar uwa ko uba a ƙauye ya tafi neman abinci. Amma kai ke riƙe da jihar, kuma kai ka karanci noma da zamantakewar mutanen karkara har matakin digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Saboda haka na san ba a baƙon fage nake yi maka magana ba.

Duk lokacin da aka ta da zancen tsofaffi, amsar da ake bayarwa ɗaya ce: mu ba ma yar da iyayenmu, wannan matsalar Turawa ce. A zuci maganar gaskiya ce. Har yau Bahaushe ba ya son a ce ya wulaƙanta mahaifinsa, kuma yaro ƙarami ma ya san ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Sai dai ranka ya daɗe, ba zuciya kaɗai ke riƙe tsoho ba. A da gandu ne ke riƙe shi. Uba na da gona, 'ya'yansa maza na aiki a ciki tare da shi, kowa na da gayaunarsa da yake taɓawa da yamma, hatsi na shiga rumbu ɗaya, tukunya ɗaya ke ciyar da gida. In ƙarfin uba ya ƙare, ba abin da ya canza sai dai ya koma gindin bishiya yana ba da umarni, tuwonsa na zuwa, furarsa na zuwa, in ya kwanta ciwo akwai hannu goma da za su ɗaga shi. Ci-rani ma yana da lokacinsa. Samari na fita bayan an gama girbi, hadarin farko na haɗowa sun dawo da ɗan abin da suka samo, sun ɗauki fartanya.

Wannan tsarin ya zama kamar rumbun da gara ta cinye ƙasansa, daga nesa yana tsaye, ciki kuwa ba abin da zai iya riƙewa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau an raba ta gado sau biyu ko sau uku, rabon kowane jika bai isa ya ciyar da shi wata huɗu ba. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen jihar nan sun kai miliyan 5.8, kuma kowa ya san mun ƙaru sosai tun daga lokacin, alhali ƙasar noma ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. Jigawar ƙasar Daura ba ta ba da amfani sai da taki, taki kuma ya fi ƙarfin talaka. To yaro zai zauna ya yi me? Sai ya tafi Kano ko Abuja ko Legas ko Fatakwal, ya yi acaɓa, ya yi gadi, ya tura baro, ya yi yankan farce. Wasu sun bi ta Agadas sun haura Libiya da Aljeriya. Ci-ranin wata biyar ya koma na shekara biyu, uku, wani sai dai a ji muryarsa a waya. Ban ga laifinsu ba. Mafi yawansu don iyayen nan suka fita, kuma abin da suke turowa shi ke sa hayaƙi ya tashi a gidaje da yawa. Amma kuɗin da aka turo ta waya ba ya ɗaga tsoho ya kai shi bayan gida, ba ya juya shi a kan tabarma cikin dare.

Ka shiga irin waɗannan ƙauyuka da rani, tsakanin Fabrairu da Mayu, ka ga su wa suka rage. Dattijo a zaure. Tsohuwa a ɗaki. Suruka mai goyo da yara huɗu ko biyar, ita ce daka, ita ce ɗebo ruwa, ita ce girki, ita ce jinya. Sai jikoki waɗanda shekarunsu ba su kai na aike mai nisa ba. In ka gaishe da dattijon ka tambaye shi jiki, zai ce maka da sauƙi, an gode Allah, ƙafa ce dai ta ƙi, ido kuma ya yi hazo, jikin tsufa ne. Ba zai ce maka tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Kunya da tawakkali sun hana shi, mu kuma muka ɗauki shirunsa a matsayin lafiya.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce tsohuwar da Allah bai ba haihuwa ba, ko ya ba ta ya karɓe. Miji ya rasu, an raba gado, ta tattara 'yan kwanukanta ta koma gidan ɗan'uwanta. Shi ma ya rasu, ta rage a hannun 'ya'yansa, a wani ɗan ɗaki can ƙuryar gida. Ana ce mata Goggo, ana gaishe ta da safe, amma cinta ba wajibin kowa ba ne kai tsaye. Muddin hannunta na motsi, tana saƙa faifai, tana kaɗa daddawa, tana daka kuka, tana tsintar itace ta sayar. Ranar da hannun ya tsaya, sai abin da maƙwabta suka tuna suka miƙo. Irin waɗannan mata suna nan a kusan kowace unguwa, kuma duk mai unguwa ya san su da suna.

Na san abin da ke sa a manta da su a wajen tsara kasafi. Ƙasarmu ta yara ce da matasa, waɗanda suka kai shekara 60 ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan Najeriya ba. Amma kashi 5 na mutum fiye da miliyan 200 ya haura miliyan 10, kuma adadin hawa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1 a duniya, kuma kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu za su kasance. Matasan da ke cika tashoshinmu yau su ne tsofaffin wancan lokaci, kuma akasarinsu ba albashi suke ɗauka ba, balle su sa ran fansho. Ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, duk wahalar da yake sha, yana da fayil, yana da ƙungiya, yana da ofishin da zai je ya yi kuka. Manomin da ya shekara hamsin yana noma geron da aka ci a birni ba shi da ko ɗaya.

Bari in tsaya a kan lafiya, don nan ne abin ya fi ciwo.

Asibitocin matakin farko an gina aikinsu ne a kan mai ciki da jariri: awo, haihuwa, rigakafi, tamowa, zazzaɓin cizon sauro. Hakan daidai ne, kuma muna ganin ƙoƙarin da gwamnatinka ke yi na ganin kowace mazaɓa cikin 361 ta samu asibiti mai aiki. Allah ya saka da alheri. Amma ciwon tsoho wani iri ne. Ba a yi masa allura uku ya warke. Hawan jini, ciwon suga, sanyin ƙashi, riƙewar fitsari da ke damun dattawa maza, duk abokan zama ne har ƙarshen rai, suna son awo a kai a kai da magani kullum. Ga kuma nisa. Ƙauyen da ke da tafiyar kilomita goma ko sha biyar cikin yashi kafin a kai asibiti, babur ne motarsa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin babur ya ninka ya sake ninkawa. Mai shekara tamanin da jiri ke ɗiba ba ya iya zama a bayan babur sai an sa wani ya riƙe shi ta baya. In ciwon ya yi tsanani sai amalanke. Saboda haka ba a kai shi sai magana ta ƙare.

Hawan jini shi ne babban ɓarawon. Ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa. Tsoho zai ji kansa na sarawa, a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya ta kwana biyu, ya sha, ya ji sauƙi, a bar maganar. Wata rana da asuba ya tashi alwala ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Sai a ce iska ce ta buge shi, a shiga neman rubutu da turare, a sayar da akuya, a sayar da tunkiya. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin buhun taki ba, ƙwayoyin da ke sauke shi suna cikin mafi arha a kasuwar magani. Da an samu mai auna shi sau ɗaya a wata, ya ajiye masa maganin kwana talatin, da an kauce wa da yawa daga cikin waɗannan faɗuwar.

Daga ranar da ya faɗi kuma, rayuwar mutum biyu ce ta tsaya, tasa da ta mai jinyarsa. Kusan kullum mace ce: matarsa wadda ita ma ta tsufa, ko 'yarsa da aka ɗauko daga ɗakin mijinta, ko suruka, ko jikanya 'yar shekara goma sha biyu da aka cire daga makaranta. Ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake juya majinyaci duk bayan 'yan sa'o'i don kada bayansa ya yi gyambo, ko yadda ake ba shi kunu ba tare da ya shaƙe ba, ko yadda ake ɗaga shi ba ta ji wa ƙugunta ciwo ba. Ba safar hannu, ba ledar shimfiɗa, sabulu ma sai an yi dabara. Ga nauyin da ke tsakanin suruka da uban miji, mutumin da ko sunansa ba ta faɗa, yau ita ce za ta gyara shi. Na ga matan da suka yi wannan aiki shekara da shekaru ba su taɓa ɗaga murya ba, ladansu na wajen Allah. Amma na kuma ga inda gajiya ta ci ƙarfin haƙuri, aka rufe tsoho a ɗaki, ana miƙa masa abinci ta ƙofa. Kafin mu zagi irin wannan gida, ya kamata mu tambayi kanmu wane taimako aka taɓa kai musu.

Sai ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yanar ido ce ke jawo kusan kashi 43 cikin 100 na makanta a Najeriya, alhali aikinta a hannun likita bai cika wuce rabin sa'a ba, washegari a buɗe ido mutum ya ga jikokinsa. Muna da asibitin ido a cikin Katsina, amma daga ƙauyen Baure zuwa can tafiya ce ta yini da kuɗin mota na mutum biyu da wurin kwana. Shi ya sa har yanzu masu aikin ido na gargajiya ke yawo ƙauye ƙauye, suna tura yanar cikin ido da tsinke, mutum ya ɗan ga haske na kwanaki, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya. Duk tsohon da ya makance, yaro ɗaya ya bar makaranta ya zama ɗan jagora. Aikin ido kyauta da masu hali da ƙungiyoyi ke kawowa lokaci lokaci yana taimakawa ƙwarai, sai dai a hedikwatar ƙaramar hukuma ake yin sa, kuma wanda ya ji sanarwa ya samu mai kawo shi ne ke amfana. Wanda ya fi buƙata yana can ɗaki bai ji ba.

Akwai kuma gigin tsufa, wanda mutanenmu ba su ɗauke shi ciwo ba. Tsohuwa ta fara manta sunan 'ya'yanta, tana fita cikin dare tana cewa za ta gidan ubanta, tana zargin an sace mata kuɗi, tana magana ita kaɗai. A wani gidan a ɗaure mata ƙafa. A wani wurin, wanda ya fi muni, a fara raɗe-raɗin mayya ce, yara su riƙa gudunta, a daina karɓar abin hannunta. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, likitoci sun san shi, kuma ko da ba a warkar da shi, iyali na iya koyon yadda za su zauna da mai shi cikin mutunci. Huɗuba ɗaya ta Juma'a a kan wannan, da shiri a gidan rediyon jiha, za su cire wa mata da yawa wannan baƙin fenti.

Ranka ya daɗe, abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto maka shi ne na san gwamnati ta san hanyar ƙofar gidajen nan. Shekara da shekaru ma'aikatan rigakafin shan inna suna shiga kowane lungu, kowace ruga, kowane gida, suna ɗiga wa yaro magani, suna rubuta alama da alli a jikin bango, mai unguwa na gaba suna biye. Da wannan naci aka kai ga ranar da aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020. Duk damina ana bi gida gida ana ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ranar zaɓe ma ana samun motar da za ta ɗauko dattijo ta kai shi rumfa. Wato hanya tana nan, ma'aikata suna nan, masu unguwanni suna nan. Ma'aikaciyar da ta shiga gida don jariri tana wuce ƙofar ɗakin kakarsa ta fita, saboda ba a ce mata ta leƙa ba, ba a kuma ba ta abin da za ta leƙa da shi ba. Roƙona na farko shi ne a ce mata ta leƙa. A ba ta na'urar awon jini da ta awon suga, a ba ta littafi, a ɗora mata ziyarar kowane tsoho da ke yankinta sau ɗaya a wata, a kuma biya ta hakkin wannan ƙarin aiki. Makarantun koyon aikin lafiya na Daura da Kankiya suna yaye yara duk shekara, da yawansu suna zaune a gida ba aiki. A ƙara musu horo na 'yan watanni kan kula da tsofaffi, a tura kowa mazaɓarsa, ya riƙa koya wa masu jinya a cikin gida abin da ya sawwaƙa.

Kafin wannan sai an san su wane ne. Tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a ba, amma rubuta tsofaffin mazaɓa ba ya jiran Abuja. Shirin raya al'umma da ka kafa a mazaɓu yana da ma'aikata a ƙasa, masarautun Katsina da Daura suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni. Cikin wata biyu za a iya sanin tsofaffi nawa ne a kowace unguwa, wa ke da mai kula da shi, wa ke kwance, wa ya makance, wa ke kwana shi kaɗai. Kada a ce sai mai takardar haihuwa, domin wanda aka haifa a ƙauye a shekarun 1940 da 1950 ba shi da ita. Mutanenmu suna da nasu lissafin. A tambayi mutum ko ya yi wayo lokacin rasuwar Sardauna a 1966, ko yana da aure lokacin da aka canza fam zuwa naira a 1973, ko 'ya'yansa nawa a shekarun farin da ya biyo baya. Sa'o'insa na zaune a wurin, ba zai yi ƙarya a gabansu ba.

Ta fuskar doka ma ba daga sifili za a fara ba. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, shi ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a farkon 2018, a zamaninsa kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa kuɗin magani, ga kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Jiha na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Abin da ya rage shi ne dattijon da ke Babban Mutum ko Kwangwalam ya ga amfanin waɗannan takardu a tafin hannunsa. A bi su har gida a yi musu rajista, kati ya zo musu, maganin hawan jini da na suga su kasance cikin abin da katin ke biya, kuma a same su a kan kanta ranar da aka zo karɓa. Zai yi kyau a ce jihar da ta haifi wanda ya sa hannu a dokar ita ce kan gaba wajen aiki da ita.

Na zo kan maganar kuɗi, wadda na san ita ce mai nauyi. Ina roƙon a yanka wa tsofaffi marasa galihu wani abu duk wata, komai ƙanƙantarsa, amma ya zama da doka, ba rabon azumi ko na sallah ba. An yi a wasu wurare. Jihar Ekiti ta fara ba masu shekara 65 zuwa sama da ba su da mai taimako naira 5,000 duk wata a 2011. Maƙwabciyarmu Jigawa ta yanka wa naƙasassu naira 7,000 a wata a zamanin Sule Lamiɗo. Lesoto, ƙaramar ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, tana biyan masu shekara 70 tun 2004, Zanzibar ta bi sahu a 2016. A yi lissafi a nan gida: in aka fara da mutum 50 mafi rauni a kowace mazaɓa, mutum 18,050 ke nan. A naira 10,000 kowanne, ya kama naira miliyan 180.5 a wata, wajen biliyan 2.2 a shekara. A kasafin jiha da ya haura naira biliyan 600, wannan bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Naira dubu goma ba za ta ciyar da mutum wata guda ba, na sani. Amma tsohuwar da ke da abin sayen sabulu da goro da 'yar tiyar gero, wadda za ta iya miƙa wa jika naira hamsin, matsayinta a cikin gida daban ne da na wadda sai dai a ba ta.

In za a yi, a dubi yadda za a biya. Tallafin tarayya yanzu ya rataya a kan lambar ɗan ƙasa da asusun banki, kuma a nan ne tsofaffin ƙauye ke zubewa. Yatsun da suka shekara sittin suna riƙe da fartanya zanensu ya goge, na'ura ba ta karantawa. Banki na Daura ko Katsina. Waya ba tasa ba ce, lambar sirri kuma jika ne ya sani, shi ke zuwa wajen mai POS, abin da ya kawo shi ne aka samu. Mun ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, tsofaffi suka fito da 'yan kuɗin da suka ƙulle a bakin zane aka ce ba sa karɓuwa. A kai musu kuɗin har mazaɓa, a rana sananniya, a gaban dagaci da liman, wanda ke kwance a bi shi ɗaki. A kuma liƙa sunayen a bainar jama'a, domin ranar da jerin ya koma hannun 'yan siyasar mazaɓa, 'yan shekara arba'in za su cika shi.

Ba gwamnati kaɗai za ta ɗauka ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ce ba a yi masa adalci ba in aka ci moriyar ƙuruciyarsa aka yasar da shi da tsufa, ya sa aka yanka masa rabo daga baitulmali. Wannan tarihinmu ne, ba aro ba ne. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha za ta iya ware kaso na zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka, ta ce wannan na tsofaffin garin da aka noma shi ne, a ajiye a ba su a watannin Yuli da Agusta lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Matasa kuma a farfaɗo musu da aikin gayya. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ɗakunan ƙasa na son yaɓe, wanda ba shi da mai yi masa, ɗakin kan rufta masa cikin dare. Ƙaramar hukuma ta ba da kwano ko leda da 'yan buhunan siminti, samari su ba da ƙarfi, cikin mako guda an gama da unguwa. Yanzu da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, irin wannan aiki ne ya kamata a gani daga gare su.

Abu ɗaya nake roƙon kada a yi: kada a ce za a gina gidan tsofaffi a birni a kwashe su a kai. Za a kashe kuɗi a kan gini, a yanke kyalle, mutum talatin su shiga, dubbai na can inda suke. Kuma su kansu ba sa so. Mu da muka ɗauko iyayenmu muka kawo su birni mun gani. Ga fanka, ga katifa, ga asibiti kusa, amma bayan mako biyu Baba ya fara tambayar wa ke ba tumakinsa ruwa, wa ya ja sallar asuba, an yi wa wane jana'iza ba shi. Inna ta ce gidan nan ba mai shigowa, ba mai sallama. Ba su samun natsuwa sai an mai da su. A ƙauye dattijo mutum ne mai matsayi, shi ake kira rabon gado, shi ya san iyakar kowace gona, shi ke sasanta ma'aurata, shi ke karɓar sadaki. Yana son ya ƙare kwanansa kusa da masallacinsa, a rufe shi inda aka rufe iyayensa. Hakkinsa ne, kuma ya fi wa gwamnati arha a taimake shi a ɗakinsa.

Ba zan rufe ba sai na ambaci 'yan'uwanmu na yammacin jiha da kudancinta, Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Dandume. Mu a ƙasar Daura talauci ne ya raba tsoho da 'ya'yansa, su kuwa har da bindiga. In aka ce gari ya watse cikin dare, mai ƙafa ne ke gudu. Wanda ba ya gani, wadda ba ta iya tashi, su ake bari. Waɗanda aka samu aka fito da su kuma, ga su nan a kangaye da ƙofar masallatai a cikin Katsina, mutanen da suka yi shekara saba'in ba su taɓa miƙa hannu ba. Ka kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, kana kuma fafutukar ganin mutane sun koma garuruwansu. Ina roƙon duk rabon da za a yi wa 'yan gudun hijira a fara da waɗannan, kuma duk lokacin da za a ɗauki matakin hana bara, a fara tambayar tsohon daga ina ya fito, me ya fito da shi.

Ban ce a yi duka a shekara ɗaya ba. A ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya a kowace shiyya, Daura da Katsina da Funtuwa, a zaɓi mafi nisa da birni, a rubuta tsofaffinta, a fara ziyarar wata wata da magani, a kai likitan ido har mazaɓa da motar da za ta ɗauko masu buƙatar aiki ta mai da su. A sa wa abin layinsa a kasafin kuɗi mai zuwa, da sunansa, yadda 'yan majalisa za su iya tambayar inda aka kwana. Ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsofaffi, a fito a gaya wa mutanen jiha mutum nawa aka rubuta, nawa aka auna, nawa suka samu ganinsu, nawa ke karɓar tallafi, sannan a faɗi ƙananan hukumomin da za a shiga a shekara ta gaba.

Allah ya ba ka ikon yi, ya haɗa ka da mashawarta nagari, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani ɗan jiharka daga ƙasar Daura